Yini guda a tsohon jirgin dakon kaya na Maldon, ya dace a kai dattijo?

Maman_Hanif:
Salamu alaikum 'yan gida, shawara nake nema don Allah. Babanmu ya zo mana nan Landan daga Zariya yau sati uku, mun kai shi Big Ben mun kai shi gadar Tower mun yi juma'a a masallacin Regent's Park, yanzu ya ce shi fa ya gaji da kallon gini da shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum yana bakin taga yana lissafin ranar komawa. To wani abokin aikin Baban Hanif ne ya ce mu kai shi Maldon can Essex, wai akwai tsofaffin jiragen ruwa masu jan ƙyalle da iska ke turawa, ana biya a yini a ciki. Hotunan sun min kyau amma da na ga an rubuta wani 1895 aka ƙera shi sai gabana ya faɗi. Akwai wanda ya taɓa hawa? Ya dace a ɗauki mutum mai shekara 71 a kai shi ko wahala ce kawai da asarar kuɗi? Sannan ya ake yi da salla da abinci

Bakatsine_Leeds:
Hajiya ki cire fam ɗinki mai daraja ki hau katakon da ya girmi kakan kakanki? Ki kai Baba Whitechapel ya ci gasasshen nama ya sayi turare a dawo gida lafiya

Injiniya_Colchester:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif ni na hau har sau uku, biyu daga Maldon ɗaya daga Ipswich, kuma in Allah ya kai mu bazara zan ƙara. Kar shekarun su tsorata ki, babu jirgin da ake bari ya ɗauki fasinja a ƙasar nan ba tare da hukuma ta duba shi ba, kuma yawancin katakon da ke jikinsu an sha canja shi, sunan ne da siffar suka tsufa. Wanda kika gani na 1895 ina jin Centaur ne, a Harwich aka ƙera shi, akwai ɗan uwansa Pudge na 1922, duk a matsayar Hythe suke kwana ƙasan cocin nan da ke kan tudu.

Abin da za ki fara sani shi ne ba jirgin shaƙatawa ba ne asalinsa, tirela ce ta zamanin da. Tsawonsa wajen ƙafa 80 zuwa 90, faɗi wajen ƙafa 20, yana cin kaya tan 100 ko fiye, amma mutum biyu kacal ke tafiyar da shi, matuƙi da yaronsa, kamar dai direba da yaron mota. Cikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti shi ya sa in ba kaya ruwa ƙafa uku ma ya ishe shi, in ruwa ya janye sai ya zauna daram a kan laka bai karkata ba. Wajen 1900 sun haura 2000 a kogin Thames da gaɓar Essex da Kent da Suffolk, yanzu waɗanda ke iya fita ba su wuce kamar talatin ba.

Maman_Hanif:
Kai Injiniya ka taɓo inda yake. Baba fa direban babbar mota ne, shekara talatin yana dakon auduga da gyaɗa daga Funtuwa zuwa Legas kafin ya ajiye

Injiniya_Colchester:
To ai magana ta ƙare, ki kai shi kawai

DanYawuri:
Ba ta ƙare ba Injiniya. Ni a bakin ruwa aka haife ni, ruwa ba ya sabo da kowa. Tun hatsarin jirgin ruwan Warrah a jihar Kebbi na 2021 da mutum sama da ɗari suka tafi a rana ɗaya ban ƙara yi wa maganar jirgi wasa ba. Anti tambayar da za ki yi musu kafin ki biya, mutum nawa suke ɗauka, kuma akwai rigar ruwa ta kowa har da yara? In sun fara kame-kame ki bar musu kayansu

Injiniya_Colchester:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gaskiyarka ne ta tambaya, amma abin da ya kashe mutane a can lodi ne ya wuce kima. Nan wasu jiragen mutum 12 kawai doka ta yarda su ɗauka, masu lasisin fasinja ne ke ɗaukar fiye da haka, kuma kafin a kwance igiya sai an tara ku an nuna muku inda rigunan suke. Sannan ba tsakiyar teku za a kai ku ba, bakin kogin Blackwater ne, duk inda ka waiga kana ganin tudu

Hajiya_Peckham:
Ni dai abin da zan gaya miki ƙanwata kar ki yi latti. Bara mu takwas muka yi niyya daga ƙungiyarmu ta mata, an ce ƙarfe tara da rabi jirgi zai tashi, muka ce haba ai ko jirgin ƙasa yana jinkiri balle wannan tsohon abu, ga Maldon ba ta da tashar jirgin ƙasa sai ka sauka Chelmsford ka nemi bas, ga wata a cikinmu ta tsaya soya cincin, muka iso goma saura muna hango jan ƙyallensa yana shan kwana ya bar mu tsaye da kulolin abinci. Na kira lambarsu ina faɗa, matar ta ce min Hajiya ba mu muka ƙi jira ba ruwa ne ba ya jira. Kuma wallahi kafin mu gama cin abincin a kan benci wajen ya zama taɓo zalla, kogin da muka gani ɗazu ya koma kamar ɗan kwata. Kuɗinmu dai ya tafi

Bakatsine_Leeds:
Hahaha cincin ya ci tikiti. Kun ga abin da nake faɗa

Injiniya_Colchester:
Hajiya sannu, amma matar ba ta yi ƙarya ba. Ruwan teku sau biyu yake cikowa a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika awa 12 da kusan minti 25, kuma kullum yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A Maldon ɗan lokaci kaɗan ne kafin cikar da bayanta jirgi ke iya barin matsaya, in ya wuce sai ku zauna a laka ku jira na gaba. Shi ya sa za ki ga fitar tasu iri biyu ce, ko gajeriya ta awa biyu a dawo kafin ruwa ya gudu, ko kuma a fita da ruwan safe sai na yamma ya dawo da ku. Wani abin sha'awa da wata yake tafiya, ruwa ya fi cika kwana ɗaya biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, wato kalandar Musulunci da ke bangon ɗakinki ma za ta ba ki haske

Ummu_Sudais:
Ikon Allah. Ni fa ban taɓa sanin wata na da hannu a ciki ba

Malam_Luton:
Game da salla da Maman Hanif ta tambaya ba wanda ya amsa. Salla a jirgin ruwa ta halatta ba saɓani. Za a fuskanci alƙibla, daga nan Ingila kudu maso gabas take, in jirgi ya juya kana cikin salla sai ka juya ka koma alƙibla matuƙar akwai hali, a tsaye in za ka iya, in jiri ko tangaɗi ya hana sai a zauna. Ruwan teku kuma mai tsarki ne ana alwala da shi, hadisi ya tabbata a kan haka, duk da ban ce ki sa dattijo ya leƙa da guga ba, ku tafi da buta da ruwanku. Maganar kasaru ba ta taso ba, a wajen Malikiyya mil 48 ne, daga gabashin Landan zuwa Maldon bai kai ba. In a watan Yuni ko Yuli ne ma azahar ce kawai za ta kama ku dole, la'asar tana da faɗi tunda rana ba ta faɗuwa sai wajen tara

Abu_Hafsa01:
Malam amma ba ka taɓo babbar matsalar ba. Na duba, yawancinsu akwai wajen sayar da giya a ciki. Ya za a kai dattijo ya yini cikin mashaya

Malam_Luton:
Jirgin saman da ya kawo shi ma ana rabawa a ciki ɗan uwa. Ba a tebur ɗaya za su zauna ba. In da hali iyalai su haɗu su ɗauki shatar jirgin gaba ɗaya ya fi, sai su ce a rufe wajen

Abu_Hafsa01:
Jirgin sama lalura ce, wannan kuwa ganin dama ne. Ni dai ban gamsu ba

Yar_Zango_Kumasi:
Ku bar Malam ya huta. Maman Hanif ni nawa na aiki ne, ki tafi da rigar sanyi mai kauri ko da kin ga rana tsaka, iskar kan ruwa daban ce, ni na je da atamfa da ɗan mayafi na dawo da mura ta sati guda. Takalmi kuma mai roba a ƙasa. Abinci ki gaya musu tun wajen biya cewa ba ku cin nama sai kifi ko ganye, ko ki tambaya in za su bari ku shiga da naku. Abin da ya fi damuna game da Baba shi ne matakalar sauka ciki, a tsaye take kamar tsani kuma banɗaki a ƙasa yake, in yana da ciwon gwiwa ki yi tunani. Maganar amai kuwa ni mai saurin jiri ce ko a mota amma ban ji komai ba, abin yana da faɗi ba ya rawa kamar ƙananan nan

Ummu_Sudais:
Wai tsaya, tun ɗazu ana ta cewa ƙyalle ƙyalle, ba shi da suna ne da Hausa?

Bakatsine_Leeds:
Tamfol

DanYawuri:
Na ga wasu na rubuta filafilai amma mu a wajenmu filafili shi ne abin tuƙi na hannu. Mu da gora da filafili muka taso sai kuma inji ya zo, ba mu cika ɗaura wa jirgi zane ba shi ya sa sunan bai zauna ba

Abu_Sawakin:
Mu nan Sudan shira'i muke cewa, na Larabci, har tsofaffinmu da ba su manta Hausa ba haka suke faɗa. Kakanninmu da irin na iskar nan suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, sambuk ake ce masa, kakata ta ce in iska ta ɗauke haka za ku zauna kuna kallon juna ruwan sha yana ƙarewa. Sai dai namu fari ne mai kusurwa uku. Me ya sa nasu ja?

Injiniya_Colchester:
Ba ado ba ne, magani ne. Da can na zaren rama irin tasu ake saƙa shi, to don kar ruwa da rana su ruɓar da shi sai a dama jar ƙasa da man kifi da ruwan teku a shafe shi da shi duk shekara, har ana cewa wasu na ƙara fitsarin doki. Yanzu yawanci zaren roba ne amma sun riƙe launin. Kuma dabarar da ta sa mutum biyu ke iya wa abin tana nan, akwai wani dogon gungume da ya tashi a karkace daga gindin jigon, wato sandar da ke tsaye a jirgin tana riƙe da ƙyalle, ya tokare saman babban ƙyallen, saboda haka ba a sauke shi ba a ɗaga shi, tattare shi ake yi jikin jigo kamar yadda ake zuge labule. Akwai ƙarami can sama da ke kamo iska ko da gine-gine ko bishiyoyi sun tare ta ƙasa. A gefe biyu kuma akwai manyan alluna kamar fiffike, ana zura na ɓangaren da iska ke turawa cikin ruwa don kar jirgin ya riƙa zamewa a kaikaice tunda cikinsa ba tsini. Jigon ma kwantar da shi ake yi in an zo gada, a Rochester har akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su hau su taya ku saukewa da ɗagawa a biya su

Bakatsine_Leeds:
Injiniya nawa suke ba ka ne

Sani_Tarihi:
Bari in ƙara wa Bakatsine haushi. Ka san me wasu ke ɗauka? Kashin doki. Lokacin da Landan ke tafiya da dawakai jiragen Essex ke kawo ciyawa da tattaka, a jibga ta sama ta yi tsayin da matuƙi ba ya ganin gabansa sai yaron ya hau kan tulin yana faɗa masa hanya, in za su koma kuma su cika ciki da taki a kai gona. Na Kent su kwashi toka da sharar Landan su kai wajen gasa bulo a su Sittingbourne da Faversham, su dawo da bulon da aka gina unguwannin da muke haya a ciki yanzu. Tseren da suke yi duk shekara a Thames ma wani ɗan kwangilar kwashe shara ne Henry Dodd ya fara shi a 1863. Na ƙarshe da ya yi dako da iska zalla ba inji shi ne Cambria, na 1906, sai 1970 ya ajiye aiki, matuƙinsa Bob Roberts. Ka duba fa, an riga an je duniyar wata shi yana nan yana jiran iska

Bakatsine_Leeds:
Wato Hajiya za ta biya kuɗi ta saka mahaifinta a motar taki. Allah ya kyauta

Damagaram_Lille:
Wallai ku daina raina su. Ni nan Lille nake, Dunkerque tafiyar awa guda ce, na je gidan tarihin yaƙin. A 1940 da sojan Jamus suka matse na Ingila da Faransa a bakin teku, an kwashe mutum wajen 338,000, kuma irin jiragen nan suna cikin waɗanda suka tsallako, saboda suna iya matsowa har kan rairayi inda manyan ba sa isa. Pudge ɗin da Injiniya ya ambata yana ciki ya kuma dawo. Wasu an bar su nan bakin ruwa ba su koma ba

DanYawuri:
Abin da ke ci min rai ke nan. Su jirgin kashin doki sun adana har da sunansa da shekararsa. Mu manyan jiragen katako da suka yi ta dako tsakanin Yawuri da Gaya ta Nijar har Yamai in ɗaya ya tsufa itacen girki yake zama. Ko Rigata, bikin jiragen ruwa da muke yi a Yawuri, kwana biyu ne a watse

Sani_Tarihi:
DanYawuri a yi adalci, su ma da yawa sun ruɓe a laka ba wanda ya waiwaye su, har yau in ruwa ya janye za ka ga haƙarƙarinsu a bakin rafuffukan Kent. Sai da suka kusa ƙarewa aka farga. Namu kuwa har yanzu aiki suke, mai jirgin da ke neman na abinci ba ya tunanin gidan tarihi. Ni da a ba ni zaɓi rigar ruwa zan fara saya musu kafin adana tsohon katako

DanYawuri:
Wannan kuma haka ne

Ummu_Sudais:
An bar Maman Hanif a tsaye ana ta tarihi. Anti kin yanke shawara?

Maman_Hanif:
Ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba, mun je jiya Asabar. Saboda maganar Hajiya Peckham awa guda kafin lokaci muna bakin ruwa, mun tarar da jiragen zaune a taɓo Baba ya ce wannan ne za a hau? ai ko jaki ba zai fitar da shi ba, muna nan tsaye ruwa ya riƙa shigowa a hankali har abin ya ɗago da kansa, tun daga nan ya yi shiru. Gajeriyar muka so amma ta cika sai muka ɗauki ta yini. Da inji aka fita gaskiya, har raina ya ɗan ɓaci na ce ina iskar da aka yi mana alkawari, sai da muka wuce tsibirin Northey aka kashe shi aka saki ƙyallen, wallahi shirun da ya biyo baya ban san yadda zan kwatanta shi ba, sai ƙarar igiya da ruwa a jikin katako. Mun wuce Osea mun ga jan jirgin nan na gidan rediyon Caroline a tsaye, mun hango tsohuwar tashar lantarki ta Bradwell, Hanif ya ga wasu dabbobi kwance a kan laka kamar ayu.

Baba kuwa bai kalli ko ɗaya ba, yana wajen sitiyari tun safe Hanif na masa tafinta. Tambayarsa ta farko ina birki. Matuƙin ya yi dariya ya ce babu, sai dai ka juya hancinsa cikin iska ko ka saki anka, Baba ya ce to wannan sai mai haƙuri, direban da ke da zuciya ba zai kai shi ko'ina ba. Ya tambayi tan nawa, ya tambayi nawa ake biyan yaron da can, da aka ce masa kaso ake yi daga kuɗin dako ba albashi ba, in ba kaya ba kuɗi, ya ce to ai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Har an ba shi ya riƙe sitiyarin kusan minti ashirin. Azahar a sama ya yi ta bayan jigo, sau biyu jirgin na juyawa yana binsa, wata tsohuwar Baturiya ta matsar masa da kujerarta.

Abin da bai yi daɗi ba, matakalar nan da Yar Zango ta faɗa gaskiya ce sai da mutum biyu suka riƙe shi, da yamma iska ta ɗauke muka yi kusan awa biyu kamar ba a motsi yara suka fara ƙorafi, abincin kuma dankali ne da kifi ba gishiri ba yaji a garin da ake taƙama da gishiri, Allah ya sa na ɓoye yajin ƙuli a jaka. Da ya sauka ciki ya ga inda ake zuba kaya an jera tebura da kujeru sai ya ɓata rai, wai an mayar da ingarma dokin sukuwar yara

Yar_Zango_Kumasi:
Ma sha Allah. Gwiwar fa yau?

Maman_Hanif:
Tana ciwo, an shafa man zafi. Amma tun asuba yake waya da tsofaffin abokansa na tasha yana ba su labarin motar da ba ta da birki

Abu_Hafsa01:
Wajen giyar fa, a buɗe yake ko?

Maman_Hanif:
A buɗe yake a ƙasa, mu a sama muka yini

Bakatsine_Leeds:
To ni har yanzu ban ji abin da zai sa in yi awa goma sha biyu in je inda mota za ta kai ni a minti ashirin in dawo inda na tashi ba. Amma a gaida Baba

DanYawuri:
Anti ba ki amsa tawa ba, ya sa rigar ruwan ko bai sa ba?